Ranar da Gaji Baduku Bai Rama Wasa Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da na tsokani Babarbare ya kasa ramawa ba. Ku da kuka taso a Damagaram kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bafulatani ya kira Babarbare bawansa a gaban jama'a, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce "to"? Ai ko dai ba shi da lafiya, ko kuma ba Babarbare ba ne.

A lokacin ni ne majo na sashen da ke kula da masu ɗauke da ƙwayar sida, wato ƙanjamau, a wani asibiti a nan garin. Ga waɗanda ba ƴan aikin ba, majo shi ne babban ma'aikacin jinya na sashe. Shi ke tsara gadi, wato wa zai kwana a bakin aiki, shi ke riƙe makullin magani, shi kuma ake zagi in abu ya lalace. Sama da ni akwai lokotoro, wato likita, wata matashiya da zan kira Doktor Rakiya, wadda aka turo mana daga Yamai. Na haife ta a shekaru, amma ita ce shugaba, kuma ta san aikinta.

Tsarinmu a wancan lokaci shi ne, wanda ya daɗe yana shan magani har jikinsa ya yi kyau ba kullum yake ganin lokotoro ba. Yakan zo randebu, wato ranar da aka sa masa, bayan wata uku, mu gaisa, ya hau sikeli, in tambaye shi tari ko zawo ko zazzaɓi, in miƙa masa maganinsa ya kama gabansa. Layi yana da tsawo, kowa kuma yana sauri kada wani ɗan unguwarsu ya gan shi zaune a bencinmu. To, mu mutanen nan kun san halinmu da gaisuwa. Ko a amalanke aka kawo mutum, ka ce masa "ina jiki?" zai ce maka "da sauƙi". Gaisuwa tun muna goye muke jin ta, ta zauna a baki yadda ko hankalin mutum ya fara gushewa ita tana nan daram. Wannan ban fahimce shi sosai ba sai a kan Gaji.

Gaji ba sunansa na gaskiya ba ne, amma shi ne autan gidansu, don haka ya dace da shi. Baduku ne a unguwar Birni, shekarunsa sun ɗan haura arba'in, siriri mai tsage a kumatu. Shi da yayansa Alhaji Sanda suke riƙe da rumfar da suka gada daga mahaifinsu, suna ɗinka jakunkuna da alabe da takalma. Duk aikin da ke son hannu mai laushi, irin adon nan na siraran fata masu launi da ake sakawa a fuskar jaka, Gaji ake ba. An gano ƙwayar a jikinsa ne bayan rasuwar matarsa Falmata. Bai sake aure ba, bai kuma gaya wa kowa ba. In zai zo wurinmu sai ya rataya alabe biyu uku a kafaɗa, a gida a ɗauka ya je nuna wa ma'aikatan asibiti kaya.

Tun ranar farko da ya ji sunana ya gane ni Bafulatani ne, shi ke nan na shiga uku. Ba ya shigowa ofishina sai da magana a baki.

"Bawana, har yanzu ba su gane ka ba? Wa ya ba ɗan bayan saniya makullin magani?"

Ni kuma in ce, "Shigo, mai fuska kamar kaza ta yi tono. Hau sikeli mu ga ko kanwar da kuke lasa ta ƙara maka nauyi."

Haka muka yi shekaru. Kuma in faɗi gaskiya, yawanci shi ke cin nasara, don bakinsa ya fi basillarsa kaifi.

Wata Talata ce bayan babbar salla, lokacin da fatu suka yi yawa kuma dukawa ba su da sukuni. Ya shigo a hankali, ya zauna. Muka gaisa tiryan-tiryan. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina gida, lafiya lau. Yaya jiki, da sauƙi alhamdulillahi. Babu inda ya yi tuntuɓe. Na riga na jawo kwalin magani, sai na ce bari in fara kai hari tunda yau ya yi sanyi.

"Gaji bawana, an yi salla ba ka kawo wa ubangidanka ko ƙafar rago ba?"

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, kamar maganar tana tahowa daga nesa. Can ya ce, "To, Majo."

Na mayar da kwalin na ajiye, na sake kallonsa da kyau. Hularsa a karkace take, rigarsa da datti, shi da yake ɗan gayu. Na ce ya kwance mini igiyar alaben da ke kafaɗarsa in gani. Mutumin da ke saka zaren fata siriri kamar gashi, sai ga shi yana ta fama da ƙulli guda, yatsunsa suna zamewa. Na tambaye shi ina kwalbar maganin da ya kamata ya zo da ita, ya ce tana nan. Na ce ina, ya kasa nuna mini. Na ce ya tashi ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya tafi yana jan ƙafa yana buɗe su kamar mai tafiya a taɓo.

Ina leƙawa waje sai na ga wani dattijo mai jiki tsaye a baranda, da babbar riga da carbi. Ya ce shi ne Alhaji Sanda, yayan Gaji. Ya rako shi ne don kwanan nan ba a barinsa ya fita shi kaɗai. An tsince shi yana zagaye a lungunan Birni yana neman ƙofar gidan da aka haife shi.

"Ya nace sai ya kawo muku kaya yau, shi ya sa na biyo shi," in ji Alhaji. "Ku yi haƙuri da shi, ba ya cikin hayyacinsa. An taɓa shi ne. Ya ɓata mana fatu, ya daina magana, sai ya zauna yana kallon bango. Amma mun samu mai magani a wani ƙauye can bayan Damagaram Takaya. Ranar Alhamis in an tashi kasuwa za mu kai shi. An ce sai ya zauna a can har ya warke, ko da shekara ce."

Na san irin wuraren nan. Ba na zagin kowa, akwai masu tsoron Allah a cikinsu. Amma na san wanda ya cika yawo mari ake saka masa, na kuma san babu mai ba Gaji ƙwayar maganinsa a can, don babu wanda ya san yana shan ta. In ya tafi, ba zai dawo da ƙafarsa ba. Ga shi kuma bakina a ɗaure yake. Dokar aikinmu ta hana a faɗa wa kowa ciwon mutum ba da yardarsa ba, ko uwarsa ce ta haife shi. A sashenmu kuwa wannan doka ita ce ginshiƙi, don ranar da aka ji majo ya yi surutu, washegari benci zai zama wayam.

Na shiga wurin Doktor Rakiya na faɗa mata. Ta bar abin da take yi ta zo ta duba shi da kanta. Ta ba shi kalmomi kaɗan ya riƙe, ta ja shi da wata hira, da ta dawo kansu ya manta. Ta sa shi ya buɗe yatsu ya rufe da sauri, abin ya gagara.

Ta ja ni gefe ta ce, "Majo, sai mun kwantar da shi. Ina jin ƙwayar ta taɓa ƙwaƙwalwa, amma sai mun tabbatar ba wani abu ba ne. Ka shawo mini kan yayan, ba tare da ka faɗi abin da ba naka ba."

Na koma wurin Alhaji na ce lokotoro ta ga ƙaninsa, tana son a bar mana shi mu duba kansa. Ya girgiza kai.

"Malam Majo, wannan ciwon ba na asibiti ba ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ku naku zazzaɓi da karaya."

Na yi magiya, ya ƙi. Na kawo misali, ya ƙi. Ya riga ya kama hannun Gaji za su tafi. Sai na ga ba ni da sauran makami sai na gado. Na tare ƙofa na ce, "Alhaji, kai fa Babarbare ne, ni Bafulatani. Tun yaushe bawa yake fita da dukiyar ubangidansa ba izini? Wannan nawa ne, kai ma nawa ne. Na ce a bar shi nan."

Masu jira a benci suka fashe da dariya. Alhaji ya tsaya yana dubana, yana son ya yi fushi, amma ya san ba a yi wa abokin wasa fushi a gaban mutane. Gemunsa ya motsa.

"Kai, Allah wadan talauci. Yau ɗan Fulani ke tare mini hanya. To, na ba ka zuwa Alhamis. In kun gama wasanku, in ɗauki ƙanina."

Muka kwantar da Gaji. Aka ɗebi jini don a auna yawan ƙwayar da ƙarfin garkuwar jikinsa. Aka ɗebi ruwan bayansa da allura don a duba ko sanƙarau ne irin wanda ke kama masu raunin garkuwa, aka ga ba shi ba ne. Sannan aka kai shi eskane, wato na'urar da ake kwantar da mutum a tura kansa ciki, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwa yanka-yanka ba tare da an taɓa shi ba. Doktor tana tsoron ƙurji ne ko ƙari a ciki. Da hoton ya fito ta ɗora shi a jikin fitila ta kira ni.

Ba ƙurji, ba ƙari. Amma ta nuna mini abin da ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba duk shekaruna a aiki. Ƙwaƙwalwar mai shekarun Gaji ya kamata ta cika ƙoƙon kai, ninkin da ke bayanta su matse da juna. Tasa ta ɗan janye daga ƙashi, ramukan da ke tsakanin ninkin sun buɗe. A tsakiya akwai wasu ƴan ɗakuna da ruwa ke zama, nasa sun faɗaɗa, don naman da ke kewaye da su ya ragu. Farin ɓangaren ciki kuma, wanda ke ɗaukar saƙo daga wannan sashe zuwa wancan, ya yi dusu-dusu.

Ta ce mini ƙwayar sida tana shiga ƙwaƙwalwa tun da wuri, tana ɓuya a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki su haye da ita. In mutum yana shan magani kullum, sai ta lafa. In ya bari, sai ta tashi ta hura kumburi a can ciki, kumburin kuma ya yi ta cin hanyoyin saƙo da sassan da ke can ƙasa masu kula da saurin tunani da motsin hannu. Shi ya sa ba hauka ake fara gani ba. Nawa ake gani, da mantuwa, da mutuwar zuciya, da hannu ya daina jin magana.

"Zai dawo?" na tambaye ta.

"Abin da ya tafi ba duka yake dawowa ba. Amma in aka kashe wutar, abin da ya rage yana iya ɗaukar aiki mai yawa. Na ga waɗanda suka tashi. Sai dai, Majo, mutumin da ya manta hanyar gidansu ba zai tuna shan magani kullum ba. Dole wani a gidan ya sani."

Washegari da hantsi, lokacin da kansa ya fi washewa, muka zauna da Gaji. Doktor ta yi masa bayani a hankali, tana maimaitawa, tana sa shi ya faɗa mata abin da ya ji don ta tabbatar ya gane. A nan ne labarin ya fito, guntu-guntu. Daminar bara ruwa ya rushe bangon ɗakinsa, ya koma kwana a ɗakin zaure tare da baƙi da ƴan gida. Ba inda zai ajiye kwalba, sai ya kai ta rumfa ya cusa cikin naɗin fatu. Ranar da rumfa ke rufe ba ya sha. Ranar da mutane suka cika ba ya sha. Daga baya aka kwashe fatun, kwalba ta ɓata, ya ji kunyar zuwa ya faɗa mini. Randebun da ya biyo baya ya karɓi sabuwa ya sake ɓoyewa, ya manta inda ya sa. Ya ɓoye ta ga kowa har ta ɓace masa shi ma.

Na ce, "Gaji, ka bari a gaya wa Alhaji."

Ya girgiza kai. "A'a. Ya Sanda zai raba mini kwano."

Tun suna yara, in ji shi, kwano ɗaya suke ci shi da yayansa, rana da dare. Ya ga yadda aka yi wa wani a unguwarsu da aka ji yana da ita, aka ware masa kwano da moɗa, ana tura masa abinci daga bakin ƙofa. Ya gwammace mari da wannan.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ɗaga murya na ce, "Kwano ya fi ranka ne? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Gaji!" Doktor ta dafa hannuna ta ce in sassauta. A waje ta ce mini, "Sirrinsa ne, Majo. Ko ka fi shi gaskiya, nasa ne." Na san haka ne, amma na wuni ina jin haushinta da nasa da na kaina.

Ranar Alhamis bayan azahar Alhaji ya zo da mota a shirye. Muka shigar da shi ofis, Gaji yana zaune a gefe. Mun riga mun nemi izinin Gaji a nuna hoton, ya yarda da wannan kaɗai. Doktor ta ɗora shi a fitila, ta ajiye na wani mai lafiya kusa da shi, wanda ba suna a jiki. Ta fara bayani, na ga Alhaji bai bi ta ba, sai na ce, "Alhaji, ka san gyaɗar da ta cika ɓawonta, ka kuma san wadda ta tsotse a ciki har ta bar fili. To dubi wannan, dubi wannan."

Ya matso, ya sa tabarau. Ya daɗe yana kallo. Gani ya kori ji.

"Wannan kan Gaji ne?"

"Nasa ne."

"La'ilaha illallahu." Ya cire tabarau. "To, Madam, me ya tsotse ta?"

Doktor ta ce, "Ciwo ne da muka sani, kuma muna da maganinsa. Sunansa kuwa, mai jiki ne zai faɗa in ya so."

Alhaji ya dube ta, ya dube ni. "Ban gane ba. Ni na goya yaron nan. Ni na binne ubanmu. Yau a ce akwai abin da ke kansa da ba za a gaya mini ba? In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Tashi, Gaji, rana tana yi."

Ya miƙe ya kama hannunsa. Ni dai na ƙura wa ƙasa ido, kalmar tana bakina kamar garwashi. Gaji ya tashi, ya taka har bakin ƙofa, sannan ya tsaya ya dafa bango.

"Ya Sanda."

"Na'am."

Muka jira. Kun san yadda maganarsa ta koma, sai an yi haƙuri.

"Sida ce. Ita ta kashe Falmata. Ina shan magani a nan da daɗewa. Ba kaya nake kawowa ba."

Alhaji ya saki hannunsa. Ya dubi ƙaninsa daga sama har ƙasa, ya gyara rigarsa, ya fita. Muka ji tashin mota. Gaji ya sulale ya zauna a ƙasa, hawaye suna bin tsagen fuskarsa. Ni kaina na ce shi ke nan, mun raba ƴan'uwa kuma ba mu ceci kowa ba. Na mayar da shi gado.

Bayan la'asar ina shirin tashi sai ga Alhaji ya dawo a kan babur ɗin kabu-kabu, da kwanon sha a naɗe cikin ƙyalle da wani babba na tuwo. Bai nufi ɗakin majinyata ba, ofishina ya shigo ya rufe ƙofa.

"Majo, bar wasa yanzu. Tambayarka zan yi tsakaninka da Allah. Ana ɗauka a abinci?"

"Ba a ɗauka."

"A moɗa? A buta? In ya soke yatsa da basilla ni ma na ɗauka na yi aiki da ita?"

Na zaunar da shi na yi masa bayani dalla-dalla. Abinci da ruwa da tabarma da gaisawa ba komai. Abin da ya taɓa jini, kamar basilla ko aska, a ware ko a wanke da kyau, wannan kuwa ko ba sida ya kamata a yi. Na gaya masa in Gaji ya koma kan magani yadda ya kamata, ƙwayar za ta lafa har a daina ganinta a gwajin jini. Ya saurara, ya sake tambaya, na sake amsawa. Ban ga laifinsa ba. Tsoro ne, kuma ya fi mini wanda zai ce ba komai alhali yana ƙyama a zuci.

Ya ɗauki kwanukansa ya shiga ɗakin. Na bi shi a baya na tsaya a ƙofa. Ya shimfiɗa ƙyalle a kan gadon, ya buɗe tuwon dawa da miyar kuka, ya wanke hannu, ya wanke wa Gaji nasa. Alhaji ne ya fara yankar loma. Ya kai baki ya ci.

"Sa hannu, sakarai," in ji shi. "Shekara da shekaru kana ɗauke da wannan kai kaɗai, ina zaune kusa da kai ina yanka fata kamar gunki. Ka mai da ni bare. Wannan ne ba zan yafe maka da wuri ba. Ci."

Da suka gama ya juyo wurina. "Ina ƙwayar? Ni zan riƙe. Sau nawa a rana?"

Na ce sau ɗaya, kullum a lokaci guda. Ya ce bayan sallar isha'i ke nan, tunda tare suke dawowa daga masallaci. Ya sa kwalbar a aljihun gaban rigarsa, inda yake sa carbi.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauri. Gwajin jinin ya dawo ya nuna ƙwayar ta yi yawa ƙwarai, garkuwa ta faɗi. Doktor ta gyara masa magani, muka mayar da randebunsa kowane wata, kuma Alhaji bai taɓa fashin rako shi ba. Watannin farko ban ga wani canji ba sai ƙiba kaɗan. Alhaji yakan tambaye ni ko dai mun yaudare shi ne, in ce ya ƙara haƙuri, ni kaina ina addu'a a zuci. Da sanyi ya shigo sai tafiyarsa ta fara daidaita. Ya fara zuwa masallaci shi kaɗai ya dawo. Wata rana ina auna shi na ji ya ce a hankali sikelin nan na Fulani ne, ba ya faɗin gaskiya. Na fita baranda na share idona don kada ya samu abin faɗa.

Hannun dai bai koma yadda yake ba. Adon nan na siraran fata ya fi ƙarfinsa har yau, kuma ya yi baƙin cikin wannan sosai, don da shi aka san shi. Amma yana yanka, yana rini, yana ɗinka takalmi da jaka, yana karɓar baƙi a rumfa. In abu biyu suka haɗu masa a lokaci guda yakan rikice, sai ya ce a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Gwajinsa na baya-bayan nan da na gani kafin in bar aiki, ba a ga ƙwayar a jininsa ba.

Daga kansa muka canza yadda muke karɓar mutane a sashen. Bayan gaisuwa sai mu tambayi mutum sana'arsa, mu bar shi ya yi magana. Mai tuya, yaya tuya, kina ƙona hannu? Manomi daga garin Dogo, me ka shuka bana, wace gona ka fara? Mu kalli yadda yake ɗaure takalmi, yadda yake tashi daga benci. Muka kuma daina tambayar "kana shan magani?", don amsarta kullum i ce. Sai mu ce, "Ina kake ajiye shi? Wa ya sani a gida?" Ba ma tilasta wa kowa ya faɗa, amma ba ma gajiya da tambaya. Mun tsinci mutane da dama ta haka tun abin bai yi nisa ba.

Abin da na koya ke nan, ku ƴan baya. Mutanenmu suna da kunya da zurfin ciki, kuma ba za su kawo muku ciwonsu a faranti ba. Sai kun san mutum a lokacin da yake lafiya kafin ku gane ranar da ya canza. Magani yana iya tsayar da ɓarnar ƙwaƙwalwa, amma sai an sha shi, kuma wanda kansa ya fara rauni ba ya iya sha shi kaɗai. Ku riƙe sirri ko da yana ƙona ku. Ku kuma daina yanke wa dangi hukunci tun ba a gwada su ba, don ni na yanke wa Alhaji, na kuwa ji kunya.

Ana saura kwana kaɗan in yi ritaya Gaji ya zo mini da hoton nan na kansa. Ya ɗinka masa gida na jar fata, ɗinkin ba mai kyau sosai ba, amma nasa ne. Ya ce ya ji ana kawo mana ɗalibai masu koyon aiki, in ba Doktor ta riƙa nuna musu. Na ce ya tabbata? Ya ce a kankare sunan kawai.

Ya kai ƙofa ya juyo. "Amma, Majo, in sun gama kallo kada ku bar su su tafi haka nan. Ku gaya musu mai kan nan bai mutu ba. Yana nan Birni yana aiki."